Adda Kulsum, Majinyaciyar da Ta Tashi Ta Girka wa 'Yan Dubiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 21 ga Zulhajji 1446, daidai da 17 ga Yuni 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata Kulsum Usmanu, wadda dangi da maƙwabta suka sani da Adda Kulsum, a gidan mijinta Malam Abdulmumin da ke Aliero. Ta cika tana da shekara hamsin da takwas, ta bar miji da 'ya'ya biyar da jikoki. An yi mata sutura bayan sallar Azahar. Mai wannan rubutu ƙanwarta ce, Humaira, autar ɗakinsu, malamar firamare a Maiyama.

Adda, ina tsaye gaban allo Lailatu ta kira ni. Ita ce 'yarki ta fari, wadda har kika koma ga Allah ban taɓa jin kin kama sunanta ba. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Inna Humaira, ki taho, Adda ta cika." Na ajiye alli na fita, ko jakata ban ɗauka ba. Tun daga ranar nake son in rubuta miki wani abu, amma da na ɗauki biro sai in ajiye. Mutane za su ce baƙin ciki ne, kuma akwai shi, Allah ne shaida. Sai dai tsoro ya fi shi yawa. Abin da ya ɗauke ki, ni ma na fara jin motsinsa a tsakanin kafaɗuna, kuma ban sani ba ko na makara.

Kafin in kai ga wannan, bari in faɗi ko wace ce ke, don kada tsorona ya danne hakkinki.

Ke kika raine ni. Ina 'yar shekara shida mahaifiyarmu ta rasu a Gehuru, ke kuwa ko sha biyar ba ki cika ba. Kika ɗauki murhu da turmi da ƙannenki a lokaci guda. Ina tuna ranakun kasuwar Jega, kin goya ni, ga kaya a kanki, kina tsallaka ruwa inda bai yi zurfi ba, kina ce mini in na yi motsi za ki miƙa wa kada ni. Da aka ɗaura miki aure za a kai ki Aliero, kika ce sai da ni. Baffa, mahaifinmu, ya ce shi bai taɓa ganin amarya ta tare da 'yar rakiya ta dindindin ba. Ba ki yi musu da shi ba, kika naɗe tabarmata cikin kayanki, aka ɗora a mota. A gidanki na yi firamare, kuma ke kika tsaya kai da fata sai da na shiga makarantar horon malamai, ke da ba ki taɓa zama a kan benci ba. In na dawo hutu ina ta rangaɗa Turanci a tsakar gida, sai ki ce, "Malama, in kin ƙare hwaɗin abin da ba mu ji, ga dawa can tana jiran ki."

Gidanki ba ya rabo da baƙo. Fulanin da kan sauka bayan gari da rani sun san ƙofarki. A ɗakinki matansu suke ajiye ƙore su yi sallah, ku yi ta hira da Fillanci kuna shewa. Masu kawo 'yan'uwansu ɗori daga nesa, waɗanda kan share makonni a Aliero suna jiran ƙashi ya kama, da yawansu sun ci tuwonki ba su san fuskarki ba. Akwai wata tsohuwa da aka kawo daga wajen Kashin Zama da karayar ƙugu, 'ya'yanta suka koma gona suka bar ta. Ba dangin iya ba na baba, amma ke kika riƙa zuwa kina yi mata wanka, kina juya ta, kina wanke mata zani, har ranar da ta taka da sanda. In mace ta rasu a unguwa ke ake kira wanka, in naƙuda ta yi tsanani ƙofarki ake bugawa. Na sha yi miki tsiya cewa wata rana sai kin tuƙa wa ɓarawo tuwo kafin ki yi ihu, ki yi dariya ki ce ai shi ma yunwa ta fito da shi.

Sana'arki gabu. In an cire albasa, lawashin da maza ke watsarwa a gona shi kike sa a kwaso miki, ki daka, ki dunƙula, ki shanya. Har daga Jega da Maiyama ake aiko neman gabunki, don naki ba ya zuwa da ƙasa, kuma ƙamshinsa ba ya gudu daga miya. Da shi kika yi wa 'ya'yanki mata kayan ɗaki, da shi kika saya mini akwatin da na tafi makaranta.

Abu ɗaya ne ban taɓa so a halinki ba, kuma na faɗa miki kina da rai: ba kya cewa wayyo. Haihuwa biyar, maƙwabta ba su taɓa jin muryarki ba, sai dai su ji kukan jariri. Mai ya taɓa zubo miki a ƙafa har fata ta saɓule, kika ɗaure da tsumma kika ƙarasa suya. An yabe ki a kan haka, ana nuna ki ga amare ana cewa ga mace. Duk da mitar da nake yi, ni ma na yi taƙama da ke a gaban ƙawayena. Yanzu in na tuna yabon nan sai tsigar jikina ta tashi.

Shekara uku da suka wuce, Malam Abdulmumin yana tsaye inda ake loda albasa a mota, sai ya dafe ƙirji ya durƙusa. Ya yi ihun da, a faɗarsa, har ƙarshen kasuwa an ji. Ya ce ji ya yi kamar an aza masa buhu a ƙirji an hau an zauna. Ba wanda ya tsaya shawara. Kalilu direba ya bar lodin da ya fara, aka sa Malam a gaban mota sai Jega, daga can aka wuce da shi babban asibiti. Likitoci suka ce bugun zuciya ne, wata jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma bayan ikon Allah saurin kawo shi ne ya cece shi.

Da ya dawo gida kika mai da shi jariri. Kika rage masa gishiri, kika ɓoye man shanu, ko buta kika hana shi ɗauka. Kin san ƙwayoyinsa da launinsu, wadda ake sha da safe da wadda ake sha in za a kwanta, kuma ranar komawa asibiti ke kike tuna masa tun ana jibi. 'Yan dubiya suka yi ta tururuwa, abokan kasuwa da abokan karatu da danginsa na Birnin Malam. Shi yana kishingiɗe a zaure yana ba su labarin yadda ya leƙa lahira ya dawo, labarin kullum yana ƙara tsawo, ke kina ciki kina tuƙa abin da za su ci. Ya warke sarai. Yau haka yana nan da ƙafafunsa, Allah Ya ƙara masa lafiya, har babur yake hawa. Daga nan duk muka ɗauka mun gama sanin bugun zuciya. Muka ce ciwon maza ne, masu kasuwa da yawan tunani, kuma in ya tashi ƙirji yake kamawa, mutum ya faɗi ya yi ihu kowa ya ji.

Naki ya zo a Janairun bana, ana tsakiyar cirar albasa, kin yi kwanaki kina dakan gabu. Ba ki faɗi ba, ba ki dafe ƙirji ba. Gajiya ce ta fara, irin wadda barci ba ya korewa. Sai kafaɗar hagu ta riƙe, ciwon ya gangara bayanki, ya haura muƙamuƙi. Ana sanyi ke kina zufa. Kika yi amai, kika ce olsa ce, kika jiƙa kanwa kika sha. Da Lailatu ta zo ta matsa miki da tambaya, sai kika ce mata, "Kahwaɗa ta kawai, taɓarya ta yi man nauyi. Kak ki tada hankalin Malam."

To, a Aliero kowa ya san inda ake kai kafaɗa. Garin da ake ɗauko mai karaya daga uwa duniya a kawo shi, wa zai tsallake gidan ɗori da ciwon kafaɗa ya nufi asibiti? Dariya ma za a yi masa. Bakin mutanen gida da na maƙwabta ya zo ɗaya cewa targaɗe ne. Aka kai ki wurin wani dattijo mai ɗori, mutumin kirki wanda ya san ki ya san tuwonki. Ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, sai dai jijiya ce ta harɗe saboda daka. Ya ja hannun, ya shafa magani, ya ɗaure. Ba na ganin laifinsa, abin da aka kai masa shi ya duba. Kika dawo gida da hannu a rataye, kina murmushi kina cewa da sauƙi.

Abin ya kwana ya wuni, sannan numfashi ya fara sarƙewa. Malam ya shigo da la'asar ya same ki zaune kan dadduma kina haki, kin kasa ƙarasa raka'a a tsaye, leɓɓanki sun sake launi. Nan take ya ce a kira Kalilu. Motar da ta ɗauke shi ita ta ɗauke ki, hanyar ita ce dai, asibitin ma shi ne. Amma shi an kai shi ciwon yana ɗanye, ke kuwa sai da ya gama ɓarnarsa. A can na same ku, an sa miki robar iska a hanci, ƙyallen mai ɗori yana nan ɗaure a kafaɗarki.

Likitar da ta duba ki, wata matashiya mai suna Zinatu, ta kira ni da Malam gefe. Ta ce bugun zuciya ne, irin nasa sak. Malam ya girgiza kai ya ce, "Likita, ni na san ciwon ga, ya kama ni. Ita ko ƙirjinta ba ta dahe ba." Sai ta yi mana bayanin da har yau yake hana ni sukuni. Ta ce mata da yawa su ma ƙirjin suke ji, amma sau tari namu kan zo da wata kama: gajiya, haki, amai, ciwon baya ko kafaɗa ko muƙamuƙi, har a ɗauke shi wani ciwo daban. Shi ya sa ake makarar kawo mace, alhali duk jinkirin da aka yi wani yanki ne na naman zuciya ke mutuwa, kuma ba ya sake tofowa. Ta ce ko an sallami mutum bai fita daga haɗari ba, watannin da ke biyo baya su ne abin tsoro, kuma binciken da aka yi a wurare da dama ya nuna mata sun fi maza rasuwa a wannan tsakanin. Dalilan suna da yawa, in ji ta. Akwai makarar zuwa, akwai hawan jini da suga da kan daɗe a jiki ba a sani ba, akwai kuma abin da ke jiran mace in ta koma gida. Ta dubi Malam ta ce, "Kai da ka koma gida, wa ya yi jinyarka?" Ya ce ke. Ta ce, "To ita wa zai yi tata?" Muka haɗa baki muka ce ai ga mu nan da yawa.

Da yawa kuwa muke, kuma yawan namu bai yi miki rana ba. Tun ranar da aka sallamo ki gidan ya cika. Duk wanda ya taɓa cin alherinki ya zo. Mata daga Gehuru mota guda, dangin Malam, matan ruga da ƙoren nono, tsoffin majinyatan ɗori da sandunansu. A wurinmu wanda ya taso daga wani gari ya zo dubiya ba ya komawa da yunwa, in ya koma haka gidan ya ji kunya. Sa'ad da Malam ya kwanta akwai mai tsare wa gidan wannan mutunci. Da aka zo kanki, mai tsarewar ce a kwance, kuma ta kasa kwanciyar.

Na ɗauki izini daga makaranta na tare a gidanki, ni da Lailatu muka karɓi girki, muka kafa miki doka. Dokar ba ta yi aiki ba. Da na juya baya sai in same ki a bakin murhu kin ɗaga murfin tukunya, wai gishiri kike dubawa. Daga duba gishiri sai gyara wuta, daga gyara wuta sai ga muciya a hannunki. Rannan na fizge na yi miki faɗa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Kika dube ni kika ce, "Auta, mutane su taso tun daga Gehuru don ni, in kwanta awa gawa ina kallon su? Ban mutu ba tukuna." Matan da ke zaune suka tuntsire da dariya, suka ce ai Kulsum ta warke, ga ta nan tana faɗa. Kowacce ta koma garinsu da albishir cewa kin miƙe.

Izinina ya ƙare na koma Maiyama, Lailatu ma ta koma ɗakinta, ga miji ga yara. Azumi ya kama. Likita ta ce kada ki yi, Malam da kansa ya karanto miki cewa Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, kika ce a shekarunki ba za a gan ki kina tauna da rana ba. Maganin safe ya koma na sahur, shi ma in an tuna. Ranar komawa asibiti ta faɗo a kan sunan jikar maƙwabta, kuma ke ce mai tuƙin gidan suna, kika ce a bari sai wani mako. Wani makon bai zo ba. Ke da kike tuna wa Malam tasa, taki babu mai tuna miki. Ba don ba a son ki ba. Ba a saba ganin ki cikin waɗanda ake lura da su ba ne, kuma ke ba ki taɓa ba da ƙofa ba. Malam ya yi iyakar abin da ya sani, ya sayo magani ya ajiye, in ya shigo ya ce, "Ƙaƙa jikin?" Ki ce da sauƙi, ya ce madalla, ya fita.

Da na zo yi miki barka da Babbar Sallah, gaban kaskon suya na tarar da ke, hayaƙi ya turnuƙe ki, ƙafafunki sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Lailatu ta raɗa mini cewa yanzu a zaune kike barci, jingine da bango, don in kin kwanta numfashi ba ya fita. Na ce gobe-goben nan sai asibiti, ko da ɗaure ki za a yi. Kika ce a bari alhazan unguwa su gama dawowa a yi musu barka da sauka, sannan duk inda nake so ki bi ni. Kika cika mini leda da soyayyen nama, kika rako ni zaure, kina tsayawa kina hutawa a tafiyar da ba ta kai tsawon igiyar shanya ba. Wannan ne ganina da ke na ƙarshe.

Ranar Talatar, an ce kin share tsakar gida, kin watsa wa kaji tsaba, sannan kika zauna kan tabarma kina tsintar shinkafa saboda wasu baƙi da za su zo daga Jega. Maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta yi sallama ba ki amsa ba. Ta same ki jingine da bango, faifai a cinyarki, kamar mai gyangyaɗi. Malam yana zaure a lokacin, bai ji komai ba.

A wurin wankanki ne wata tsohuwa daga Gehuru ta ce haka mahaifiyarmu ma ta tafi. Ni ban san wannan ba, ina ƙarama, kuma ke ba ki taɓa ba ni labarin ba. Ta ce Inna ta yi kwanaki tana cewa bayanta ya riƙe, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho. Rannan tana cikin daka sai ta zauna ta jingina da turmi, shi ke nan. A lokacin cewa aka yi iska ce ta buge ta. Ina jin haka sai na tuna da kaina. Don ni ma tun kafin azumi, in na taka zuwa makaranta sai na tsaya a gindin bishiya na huta, abin da ban saba ba. Akwai wani nauyi da kan sauka tsakanin kafaɗuna in na daɗe ina rubutu a allo, wani lokaci ya haura wuya. Na ce tsufa ne da tsayuwar aji. Uwa ta tafi haka, yaya ta bi ta, saura auta. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai. Na fito daga ɗakin wankan da wannan a raina, ban gaya wa kowa ba.

A kwanakin zaman makoki ni ce babba a cikin gida, don haka tukwane suka dawo hannuna. Masu ta'aziyya sun ninka 'yan dubiya. Ranar addu'ar bakwai ina tsaye kan babbar tukunya ina tuƙi, sai nauyin nan ya sauko, zufa ta karyo mini, na ji kamar zan yi amai. Wata ta tambaye ni ko lafiya. Bakina ya buɗe da kansa zai ce hayaƙi ne, yanzu zai wuce. Da muryarki sak na ji maganar tana shirin fita. Adda, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, kuma ba ciwon ne ya fi ba ni tsoro ba, yadda ƙaryar ta zo mini a sauƙaƙe ne. Na saki muciya cikin tuwo, na zauna daɓas a ƙasa a tsakiyar mata, na ɗaga murya yadda har maza a zaure suka ji: "Ba ni lahiya! Zuciyata ta! Ku kai ni asibiti yanzu!"

Wata gwaggon Malam ta ce, "Subhanallahi, Humaira, gidan makoki na hwa. Ki daure baƙi su watse mana." Wata ta ce juyayi ne, a ba ni ruwa in sha. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ga Malam Abdulmumin ya faɗo cikin gida ko sallama babu, hula a hannu, mutumin da tun rasuwarki ba a ji ya yi doguwar magana ba. Ya dubi gwaggonsa ya ce, "Wagga ba ta daurewa. Guda ta daure muna, mun ga abin da anka samu. Ku kira man Kalilu." Tuwon ranar ya kama, an ce baƙi da ƙauri suka ci shi, wasu ma ba su samu ba.

An auna ni. Likita ta ce ban kai ga irin naki ba tukuna, amma jinina ya hau ƙwarai, kuma akwai abin da ta gani a awon zuciyata da bai kwanta mata ba. Ta ba ni magani, ta raba ni da murhu da taɓarya, ta ce in dawo a yi mini wani awon da ya fi wannan. Tun daga ranar nake zaune a ɗakina a Maiyama ina sauraron ƙirjina. Kowane ɗan motsi sai in ce shi ne. In maigidana zai fita sai in bi shi da kallo. An fara zuwa mini dubiya, ana ba baƙi ruwa su sha su tashi, ni kuwa ina kwance ina amsa sannu, kuma wanda ya tambaye ni jiki gaskiya nake gaya masa. Labari ya iso mini cewa ana faɗin 'yar boko ce, raki gare ta, ba ta gado yayarta ba. Haka ne, Adda. Na so in gaje ki a komai, amma ki yafe mini, a wannan kaɗai ba na so.

Lailatu, ke da ƙannenki mata, da 'ya'yana, ku nake ji wa. Jininmu ɗaya da waɗanda suka tafi. In kafaɗa ta riƙe ba ku faɗi ba, ba ku bugu ba, in gajiya ta ƙi jin barci, in kuna haki a tafiyar da kuka saba, ku faɗa da ƙarfi, ku faɗa wa wanda ke da mota. Ƙashi ba ya gudu, za a iya kai shi ɗori daga baya. Ku kuma maza, in mace ta ce muku da sauƙi, ku dubi ƙafafunta, ku saurari numfashinta, ku tambayi yadda take kwana. Na san ajali ba ya jinkiri, kuma na yi imani kwananki ne ya ƙare, Adda. Amma Wanda Ya saukar da cuta Shi ne Ya ce a nemi magani, kuma ba maza kaɗai Ya ce wa ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Kulsum ta zo maKa. Ka jiƙan ta, Ka gafarta mata, Ka sa ciwon da ta sha a ɓoye ya zama kaffara gare ta. Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka ciyar da ita Ka shayar da ita kamar yadda ta ciyar da bayinKa ba ta tambayi sunansu ba. Ka hutar da ita, ya Allah, don a nan ba ta huta ba. Ka sada ta da mahaifanmu a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Abdulmumin, Allah Ya ba shi haƙuri Ya saka masa da abin da ya yi mini. Ga Lailatu da ƙannenta da jikoki. Ga danginmu na Gehuru da na Birnin Malam, da matan ruga, da dukkan mutanen Aliero da suka yi rashin uwa. Allah Ya ba mu juriyar rashinta, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ni kuwa jibi za a koma da ni awo, kuma ban san abin da za a gano ba. Duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi, ya yi wa Adda addu'a. Kafin ya shafa, don Allah ya ƙara da ni, tun ina iya cewa amin.